Ƙofofi Huɗu a Cikin Inna

Talata, 25 ga Nuwamba, 2008, bayan La'asar

Yau aka ba Inna gado a asibitin Dakta Dalyop da ke Gada Biyu. Alhamdu lillahi, an dai gano abin da ke cin ta, bayan mun gama da jiƙe-jiƙen duniya. Tsakuwa ce ta taru mata a matsarmama, kuma sai an cire matsarmamar gaba ɗaya. Ni zan yi jinya, tunda ni ce auta, ni kaɗai ce kuma a gari. Na bar wa Malama Dina 'yan ajina, Allah ya ba ta haƙurin zama da su.

Abin da ya ɗaure aikin shi ne ciwon suga. Bara ƙaya ta soki Inna a ƙafa, sai da damina ta shiga ta fita kafin wurin ya rufe. Dakta ya ce mai irin wannan jiki ba ya son ya yi mata doguwar tsaga a ciki. Akwai wata hanya da ya koyo a Indiya. Za a yi huji huɗu ƙanana, a yi aikin ta cikinsu, yana kallo a talabijin.

Na ce ban gane ba. Ni malamar makaranta ce, in ban ga abu da idona ba ba ya shiga kaina. Sai ya sa nas ɗinsa, Sista Chundung, ta kawo wani faranti. Bututu huɗu ne na farin ƙarfe, gajeru, biyu kaurin babban yatsa, biyu kaurin biro. Kowanne da tsinke mai tsini a cikinsa. Da tsinken ake hudawa, sai a zare shi, bututun ya zauna a jikin mutum. Ta ɗaya kyamara ke shiga, ta sauran kuma almakashi da wasu 'yan hantsaki masu dogon hannu. Su suna ce masa fot.

Inna ta leƙa farantin, ta ce, "Ashe ƙofofi za a yi mini. To a dai rufe in an gama, kada sauro ya shiga."

Sista ta yi dariya har da dafa gado. Ta ce, "Wannan Mama zai ba mu wahala, na gani." Tun yau matar nan ta kwanta mini a rai.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan Azahar

Baba ya zo daga kara, kasuwar dabbobi, warin shanu a rigarsa, yana ta mitar an raba shi da ciniki ga Babbar Sallah ta matso. Dakta ya sa aka sake kawo farantin.

Da farko abin ya yi daɗi. Baba ya ɗauki babban bututun, ya juya shi, ya zare tsinken ya mayar kamar kayan gidansa. Ya ce, "Ai na san wannan. Irin na malamin dabbobi ne. In saniya ta ci ɗanyar ciyawa cikinta ya kumbura, da shi ake huda mata kwiɓin hagu, iska ta fita, ta miƙe." Dakta ya ce ƙwarai kuwa, 'yan gida ɗaya ne. Na ce a raina yau mun yi sa'a.

Sai Dakta ya ci gaba da bayani, don shi mutum ne da ba ya ɓoye komai. Allah ya saka masa, ko da yake yau kam na so ya ɗan ɓoye. Ya nuna wata 'yar famfo da ke gefen bututun, ya ce ta nan za a hura wa Inna iska har cikinta ya tashi, don a sami sararin gani da na aiki.

Baba ya ajiye ƙarfen a hankali. Ya ce, "A hura mata?"

"I, Baba. Kaɗan-kaɗan, da awo."

"Likita, tun ban yi gemu ba nake fitar da iska daga cikin dabba. Wadda aka yi jinkiri a kanta, a gabana take faɗuwa, ido waje, harshe waje. Yanzu kai za ka ɗauki iska da hannunka ka ɗura wa matata?"

Dakta ya yi iya yinsa. Ya ce ta saniya a cikin tumbi take taruwa ba mai tsayar da ita, wannan kuwa na'ura ce ke auna ta, in an gama a sake ta. Baba ya ce ciki dai ciki ne. Ya ce in yanka ne a yi yanka irin wanda kowa ya sani, in ba haka ba a ba shi matarsa. Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ko sha ruwan da na zuba masa ba.

Dakta ya ja ni gefe, ya ce yardar Inna kaɗai ta isa, ita ke da jikin. Na faɗa mata. Ta ce, "Auta, kin san ba tsoronsa nake ji ba. Amma tun da aka kai ni gidan Malam Usumanu ban taɓa kama hanya ba sai ya ce Allah ya kiyaye. Ba zan shiga ɗakin can ba yana kallon ƙasa."

Haushin su biyun nake ji. Ban san wanda ya fi wani taurin kai ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da yamma

Ranar zaɓe, gari shiru. Baba bai zo ba. Ya aiko da ƙwaryar kindirmo, abin da aka fi hana ta sha. Ni da Sista muka shanye, Inna tana harararmu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da hantsi

Rikici ya ɓarke a gari. Hayaƙi ta wajen Rikkos, unguwarmu. Waya ba ta shiga.

Juma'a, bayan Magariba

Muna nan. Muna lafiya. Alhamdu lillahi.

Ba zan rubuta abin da na ji ana faɗa a bakin ƙofar asibiti ba. Abin da zan rubuta shi ne, tun kafin 'yan tarzoma su iso Sista Chundung ta shigo ɗakinmu ba ko sallama, ta tura gadon Inna zuwa ɗan ɗakin da ke bayan tiyata. Ta miƙo mini koriyar rigar aiki da hular da ke rufe gashi duka. Ta ce, "Malama, abeg, sa wannan. Ki ba ni hijabi in ajiye miki. Ba gardama yau." Ban yi ba. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

Ta kai ni ɗakin wanke kayan aiki, ta ɗora mini farantin nan a gaba, ta ba ni ɗan buroshi. Ta ce duk wanda ya leƙo kada in ɗaga kai, in yi ta wanki. An leƙo. Na ga takalma kawai. Na ji muryarta tana cewa, "Ma'aikaciya ne. Wancan tsohuwa kuma mamana ne, ba shi da lafiya. Ku fita min, oga yana aiki."

Bututun da ke hannuna tsaf yake tun farko, amma na wanke shi har yatsuna suka yi fari.

Baba bai kira ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da rana

An sa dokar hana fita. Ana ta kawo mutane, wasu a baro. Dakta bai cire rigarsa ba tun jiya. Inna ta tambaye ni Baba, na ce matsalar layi ce.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, bayan La'asar

Zazzaɓi ya rufe Inna, ciwon ya taso mata ta ƙarƙashin haƙarƙari har baya. An sa mata ƙarin ruwa da allurai. Dakta ya ce matsarmamar ta fara kumburi, a yanzu ba a taɓa ta sai ta lafa.

Ni kuwa na zama 'yar ɗakin wanki da gaske, don ma'aikatansu biyu ba su sami hanyar zuwa ba. Sista ta koya mini kwance bututun ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba shi ake amfani da shi kwanakin nan ba. Ta ce gara hannuna ya sami abin yi. Akwai ɗan murfin roba a kansa mai huji a tsakiya, shi ke rungume kayan aiki in sun shiga don kada iska ta gudu. Akwai 'yar ƙyaure a ciki da ke rufe kanta in an zare abu. Sai famfon nan da ya jawo mana magana. Ta ce seti ɗaya ke gare su a duk asibitin, in murfi ɗaya ya ɓace sai an aika Legas. Tana shafa musu mai tana jera su a kan farin ƙyalle, ba ta yarda kowa ya taɓa sai ni. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Yau ranar cocinta ce, ba ta je ba. 'Ya'yanta suna wajen ƙanwarta Cordelia, ita ma wayarta ba ta shiga. Da lokacin sallah ya yi ta ɗauko hijabina daga ƙarƙashin zannuwan gado, ta tsaya a bakin ƙofa har na idar. Da na sallame na same ta ta sunkuyar da kai, bakinta na motsi. Sai ni ma na tsaya mata a ƙofar har ta gama.

Baba bai kira ba.

Litinin, 1 ga Disamba, da safe

Cordelia ta kira, yaran suna lafiya. Sista ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ta tashi ta wanke fuska ta ci gaba da aiki. Na taya ta murna, da zuciya ɗaya kuwa. Na kuma koma na duba wayata.

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Shiru.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan Azahar

Ya kira! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Da wayar wani ya kira, daga wata makaranta da aka tara mutane. Na ce, "Baba, kana lafiya? Ina ka shiga? Ka ci abinci?" Bai amsa ko ɗaya ba. Ya ce, "Auta, an hura mata?"

Na ce ba a hura ba. Na ji ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Madalla." Sai layin ya yanke.

Na yi dariya ina kuka, har Inna ta zaci wani abu ne ya same ni. Da na faɗa mata, ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, "Tsohon banza. Yana nan da halinsa ke nan." Ta karɓi kunun da tun safe take ƙi.

Juma'a, 5 ga Disamba, bayan La'asar

Baba ya iso da ƙafa, janye da rago ɗaya. Rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce, ta yi masa gajarta. Babu sanda. Ban tambaye shi shanu ba, ban tambaye shi gida ba, shi ma bai ce komai ba. Na ɗebo ruwa na ba shi, wannan karon ya sha.

Ya shiga wajen Inna, suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ta dubi rigar, ta dubi fuskarsa, ta ce, "Malam, ka rame." Ya ce, "Ke ma ba ƙiba kika yi ba." Iyakar abin da suka faɗa ke nan.

Dakta ya ba shi benci a baranda da bargo, ya ce ragon ma ya zauna, a ɗaure shi a gindin gwaiba. Na faɗa wa Baba abin da Sista ta yi mana ranar Juma'a. Ya tashi ya je har inda take, ya durƙusa. Ta rikice, tana cewa, "Baba, tashi, tashi, no wahala, kai babana ne." Bai tashi ba sai da ya gama addu'arsa.

Daga baya Dakta ya yi masa magana. Ya ce zazzaɓin ya sauka, kumburin ya lafa, yanzu ne lokacin aiki kafin ya sake tasowa, don na gaba yana iya fasa matsarmamar. Ya ce doguwar tsaga kuwa yanzu ma ta fi da haɗari, ga asibiti cike da masu raunuka da suka ruɓe, ga sugan Inna. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Likita, ka yi mini abin da ɗan'uwa bai yi ba. Ka ce in ba ka wuyana, in ba ka. Amma ita kaɗai ta rage mini. Ba zan ga cikinta ya tashi ba."

Dakta ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Asabar, 6 ga Disamba, da yamma

Ciwon ya motsa mata da rana, ba sosai ba, amma na ga ta cije gefen zani. Na fita baranda na ɗaga wa Baba murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce Inna ba saniya ba ce. Na ce in ta mutu a kan gadon nan, ba iska ce ta kashe ta ba.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Na ji, Auta." Ya ci gaba da ba ragon ɓawon lemo.

Na dawo ɗakin wanki na kwance bututun duka na sake ɗaurawa. Sista ta shigo ta gan ni, ta fita, ta dawo da shayi.

Lahadi, 7 ga Disamba, da safe

Ranar Arfa. Ina azumi. Addu'a ɗaya nake ta maimaitawa.

Litinin, 8 ga Disamba, bayan Azahar

Sallah. Ban taɓa ganin irinta ba, ba sabon kaya, ba yawon gaisuwa. Baba ya je masallacin da ke kusa ya dawo da wuri. Ya nemi izinin Dakta ya yanka ragon a bayan asibiti, ya ce naman na duk wanda ke kwance a nan ne, ba ya son a tambayi kowa addininsa. Mai gadi ya riƙe masa.

Inna ta ce a kai ta taga. Muka tura gadon ni da Sista.

Da aka yanka, Baba ya yi abin da na sha ganin yana yi tun ina yarinya ban taɓa sa shi a rai ba. Ya ɗan tsaga fatar ƙafar baya, ya zura tsinken kara ya buɗa hanya, ya kafa baki ya fara hurawa. Yana hurawa yana bubbuga jikin ragon da tafin hannu, har rago ya tashi tim, ƙafafu a miƙe.

Inna ta ɗaga murya, irin yadda ban ji ta yi ba tun da muka zo. Ta ce, "Malam! Me kake yi wa ragon nan?"

Ya ɗago, kumatu a kumbure. Ya ce, "Yau kika fara ganin fiɗa? Iska nake ba shi."

"Don me?"

"Don fata ta rabu da nama mana. Wuƙa ta sami wurin bi, kada ta yanki abin da ba a aike ta ba."

Inna ta ce, "To."

Sista ta danne bakinta da hannu. Baba ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon ragon, ya daɗe. Sai ya juyo ya ce, "Wannan ai an riga an yanka shi, Asta. Ba abin da zai rasa." Ya ci gaba da fiɗarsa. Na ce shi ke nan, magana ta sake tashi a banza.

Amma da aka gama rabon nama ya wanke hannu, ya ce in kira masa Dakta, a zo da farantin. Ya ɗauki babban bututun ya ce a nuna masa inda take fita. Na riga Dakta, na murɗa masa famfon. Ya sa baki ya hura, ya tara ɗaya hannun ya ji iskar. Ya rufe ya hura, ba ta wuce ba. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Sista tana kallonsa kamar ta fizge, don sai ta sake dafa bututun a tafasasshen ruwa daga farko.

Ya ce, "Wa ke buɗewa in an gama?"

Dakta ya ce, "Ni da kaina."

"Ina so in ji fitarta da kunnena. Na san kukan iska in tana barin ciki. In na ji, na yarda."

Dakta ya dubi Sista. Ya ce ba a saba ba. Sai ya ce in Baba zai sa rigar tiyata da hula da takunkumi, ya tsaya daga bakin ƙofa bai taɓa komai ba, zai sa a kira shi in lokacin ya yi. An sa jibi.

Na je na ba Baba haƙurin maganar da na faɗa masa. Ya ce wace magana? Ya miƙo mini hanta a tsinke.

Talata, 9 ga Disamba, da yamma

An auna suga, an auna jini, an duba tukunyar iskar an ce da saura. Ni na wanke ƙofofin Inna da hannuna kafin a dafa su. Na duba kowane murfi a hasken taga, ba wanda ya tsage.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan La'asar

An yi. Ta fito. Alhamdu lillahi.

Da safe da za a tura ta, gadon ya zo daidai bencin Baba, ta ce a tsaya. Ta dube shi kawai. Ya miƙe tsaye, ya dubi idonta, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Asta." Ta ce, "Amin. Ku tura."

Muka zauna a baranda. Baba a cikin koriyar riga tun kafin a fara, hular ta ƙi zama a kansa, gemu ya leƙo ta ƙarƙashin takunkumi. A wata ranar da na yi masa dariya. Janareto ya yi tari sau ɗaya, sai ya ci gaba. Baba bai bar jan carbi ba, na mai gadi ne ya ara masa.

Can Sista ta leƙo ta ce, "Baba, zo." Na bi bayansa har inda aka yarda in tsaya. Ta gilashin ƙofa na hango Inna a rufe da korayen zannuwa, cikinta kaɗai a waje, ya tashi, ƙarafa huɗu a tsaye a jikinsa. Na ga Baba ya dafa bango. Na ce yanzu zai faɗi ko ya yi ihu. Bai yi ko ɗaya ba.

Dakta ya ce, "Baba, an cire, ga ta can a kwano. Saurara." Ya murɗa famfon.

Har daga waje na ji, wani dogon huci siriri. Cikin ya dinga sauka a hankali, Dakta yana ɗan danna shi da tafin hannu. Baba ya karkata kai, ya ba da kunne, idonsa a rufe. Da hucin ya ƙare ya ce, "Danna ta hagu, akwai saura." Dakta ya danna ta hagu, ko don ya faranta masa ne ban sani ba. Sai aka zare bututun ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa kowane huji ɗinki.

Da Baba ya fito ya zauna a benci, ya cire takunkumin, ya ce, "Ta fita duka." Sai ya nemi buta.

An nuna mana tsakuwoyin a kwalba. Ƙanana ne, kamar gyaɗa. Wai su ne suka hana mu sakat tun bara.

Alhamis, 11 ga Disamba, da hantsi

Inna ta taka da ƙafarta har banɗaki. Filasta huɗu ne a cikinta, ɗaya a cibiya, uku daga sama, kowanne bai kai faɗin akwatin ashana ba. Ta ɗaga riga ta duba ta ce, "Duk wannan rigimar a kan wannan?"

Sai dai tana kukan kafaɗar dama. Sista ta ce haka yake yi, ɗan guntun iskar da ya saura ne, jiki zai shanye shi. Baba ya gyara zama, ya ce, "Na faɗa ko ban faɗa ba?" Jiya shi ne ya ce ta fita duka. Ban tuna masa ba, a bar shi ya ci wannan.

Juma'a, 12 ga Disamba, da yamma

Ba zazzaɓi, hujin a bushe. Gobe sallama. Yaya Ɗanbaba zai zo daga Bauci ya ɗauke mu, can za mu zauna. Inna ba ta tambayi dalili ba. Ta ce dai a tuna a saya mata tukunya.

Na mayar wa Sista koriyar rigar a wanke a ninke. Ta ce in riƙe. Na ce me zan yi da ita a aji? Ta ce, "Ki ajiye, Malama. Ni ma zan ji daɗi in na san yana wurinki." Duk kalmomin godiyar da nake koya wa yara, na nemi ɗaya da ta isa na rasa. Na rungume ta kawai, muka ɓata wa juna kafaɗa.

Asabar, 13 ga Disamba, bayan Magariba, a Bauci

Mun iso lafiya. Inna tana barci.

A hanyar fita gari akwai shingen jami'an tsaro. Kowa sai ya sauka daga mota, ya wuce da ƙafa, hannu biyu a sama, direba ya biyo a hankali. Yaya Ɗanbaba ya fara roƙo, yana cewa tsohuwa ce, aiki aka yi mata. Mai kakin, wani saurayi, ya leƙa ya ce, "Mama, ki zauna." Ashe ta riga ta buɗe ƙofa. Ta ce, "Bari, ɗana. An ce in riƙa takawa."

Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannuwanta. Na ga ta ɗan yamutsa fuska saboda kafaɗar, sai ta ƙara miƙa su, har sun fi na kowa tsawo a layin. Ni idona na kan cikinta. Ina jiran in ga jini a zani, ko ta dafe wurin, ko ta sunkuya. Ba abin da ya faru. Ta yi ta tafiya a miƙe, a tsakanin buhunan yashi da bakin bindiga, a garin da ta haife mu duka. Raina ya ɓaci da ganin uwata a haka, kuma ban taɓa jin godiya irin ta lokacin ba.

Na waiwaya in ga ko Baba ya gani. Yana bayanta daf, cikin gajeriyar rigar nan, yana kallon takunta. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a ƙirji, ba halin ya share, hannuwansa na sama. Haka ya bi ta har muka wuce shingen.